Don Allah a taimaka: da me ake auna juriyar tsarin ruwan birni a bincike?

Ɗalibar Mastas:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu a wannan fanni, malamai ne ko waɗanda suka yi aiki a hukumar ruwa. Ina digiri na biyu a injiniyancin ruwa, maudu'in da na ɗauka kuma shi ne juriyar tsarin rarraba ruwan sha a birane, wato yadda bututu da tankuna da injinan tura ruwa suke ɗaukar bugu, na fari ne ko ambaliya ko ɗaukewar wuta ko fashewar babban bututu, sannan su farfaɗo. Sau biyu ina kai furofozal ɗina, wato takardar tsarin binciken, malamin da ke duba aikina yana dawo min da shi, maganarsa ɗaya ce, wai kalmar juriya ta yi faɗi da yawa, in gaya masa da me zan auna ta.

Toh abin da na tsara shi ne in karɓi taswirar bututu daga hukumar ruwan birnin da nake nazari a kai, in zuba ta a EPANET, manhajar da ke kwaikwayon tafiyar ruwa a cikin bututu, in riƙa rufe bututu ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta ina lissafa ma'aunin Todini, wato wata lambar auna juriyar tsarin bututu, in ga inda tsarin ya fi rauni. Na fara gwadawa amma manhajar sai ta riƙa ba ni matsin ruwa ƙasa da sifili a unguwanni da yawa, ga shi birnin ma ba awa 24 ake ba da ruwa ba, wasu unguwannin sai bayan kwana biyu ko uku yake zuwa musu. Hanyar ce ba daidai ba ko akwai abin da na tsallake? Wata 8 ya rage min wallahi abin ya fara hana ni barci.

Tsohon Injiniya:

Wa alaikumus salam 'yata. Na yi shekaru da yawa a sashen rarraba ruwa kafin in yi ritaya, bari in faɗa miki abin da idona ya gani, malaman jami'a su ƙara miki da na littafi.

Da farko wannan taswirar da za su ba ki, kar ki ɗauke ta kamar gaskiyar da ke ƙarƙashin ƙasa. Hoton abin da aka yi niyyar binnewa ne ranar da aka zana ta, bayan nan an ja layuka ba a rubuta ba, an canza faɗin bututu a wurin gyara saboda shi ne a sito ranar, mutane sun huda sun ja nasu, wani bawul ɗin, wato abin buɗe da rufe ruwa a kan layi, an rufe shi shekara goma da suka wuce wanda ya rufe ya bar aiki babu wanda ya sani. Akwai ranar da babban bututu mai faɗin milimita 300 ya fashe mana, taswira ta ce bawul huɗu za mu rufe mu killace wurin. Muka je, biyu kwalta ta binne su tun lokacin da aka sake shimfiɗa titin, sai da muka nemo na'urar gano ƙarfe muna bin gefen hanya muna fasa kwalta, na ukun mun same shi amma da muka sa makulli muka fara juyawa sai sandar cikinsa ta karye saboda tsatsa, shekaru ba a taɓa motsa shi ba. Dole muka koma baya muka rufe wani babba can kusa da tanki, unguwannin da ba ruwansu da fashewar duk suka rasa ruwa. Gyaran bututun kansa awa biyar ya ɗauke mu. Neman bawul kwana biyu. Toh ki gaya min a ina wannan kwana biyun zai fito a lissafinki? A kwamfuta kina danna bututu ya rufu nan take shi kaɗai, a ƙasa kuwa ba bututu ake rufewa ba, yanki ake rufewa, kuma girman yankin ya danganta da bawul nawa ne suke aiki da gaske.

Don haka in ni ne ke, abu na farko da zan roƙa a hukumar ba taswira ba ce, littafin korafe-korafe da na gyara ne. Yaushe aka kawo rahoton fashewa, yaushe ma'aikata suka isa, yaushe ruwa ya dawo. Zai zo miki a hargitse, wani da biro wani shafin ya yage, amma a nan juriyar take a rubuce.

Sai maganar matsi ƙasa da sifili. Ba laifinki ba ne, asalin yadda EPANET ke lissafi shi ne tana ɗauka bututu a cike yake koyaushe kuma kowane gida sai ya samu ruwan da ya nema ko ta halin ƙaƙa, toh in ruwan bai isa ba sai ta biya buƙatar a takarda ta bar miki matsin da ba zai yiwu ba. Tsarin da ake ba da ruwa da rabo kuwa wata duniya ce daban. Ki tsaya bakin famfo ranar da aka sako ruwa ki gani, da farko iska ce ke fitowa tana huci, mita tana juyawa tana ƙirga iska, sai ruwa ja-ja ya biyo baya yana tofi kafin ya washe, kuma kowa ya buɗe famfonsa gaba ɗaya yana cika tanki da duro, na kusa da tushe su shanye, na kan tudu da na ƙarshen layi su tashi a tutar babu. Lokacin da bututun yake fanko kuma duk ramin da ruwa ke yoyo ta cikinsa ya zama ƙofar da ƙazantar ƙasa ke shiga. Akwai binciken da Kumpel da Nelson suka yi a Hubli-Dharwad ta ƙasar Indiya, sun kwatanta unguwannin da ake ba ruwa ba yankewa da waɗanda ake ba da rabo a birni ɗaya, suka samu gurɓatar ta fi yawa a na rabon, musamman ruwan farkon nan. Ki neme shi ki karanta, ya fi kusa da matsalarki fiye da yawancin abin da ake rubutawa a kan biranen Turai.

Kuma kar ki raina yoyo. Birnin da rabin ruwansa ke zubewa a ƙasa kullum a cikin fari yake ko da dam ɗinsa a cike. Phnom Penh ta Kambodiya a 1993 kashi 72 cikin 100 na ruwanta ba ya kawo kuɗi, ko ya zube ko an sace ko ba a ƙirga ba, a ƙarƙashin Ek Sonn Chan suka sauke shi zuwa kusan kashi 6, ba da wani sihiri ba, sun canza tsofaffin bututu, sun sa wa kowa mita har manya, sun raba birnin yanki-yanki suna auna abin da ke shiga kowanne. Mu ma da tsakar dare muke gane yoyo, tsakanin ƙarfe 2 zuwa 4 lokacin da gari ya yi barci, in mitar yanki tana nuna ruwa na ta shiga toh ƙasa ce ke sha. Sai a fita da sandar sauraro, ka ɗora bakinta a kan bawul ka sa kunne a ɗaya gefen, yoyo yana da wani siririn kuka da in ka saba ba ka ɓata shi.

Dakta Mai Koyarwa:

Baba Injiniya ya gama magana a ɓangaren fili, Allah ya ƙara lafiya. Ni zan taɓa tambayar malaminki ne don gaskiyarsa ce, ni ma da ɗalibata ce haka zan mayar mata.

Kalmar juriya a wannan ma'ana ta shigo mana ne daga masu nazarin muhalli, C. S. Holling ya yi rubutu a kanta a 1973, shi abin da ya dame shi shi ne girman bugun da daji ko tafki zai iya sha bai rikiɗe ya zama wani abu daban ba. Injiniyoyi kuma da suka ɗauka sai suka fi karkata ga saurin komawa yadda ake. Shi ya sa za ki karanta maƙala goma ki ga kowa da abin da yake nufi. Abin da zai fitar da ke shi ne aikin Hashimoto da Stedinger da Loucks na 1982, sun raba abin gida uku kuma har yau ban ga wanda ya fi shi sauƙin karewa a gaban masu jarrabawa ba: sau nawa tsarin ke gazawa, in ya gaza yaya saurin dawowarsa, kuma gazawar yaya muninta. Kowanne lamba ce da za ki iya fitarwa daga littafin gyaran da Baba ya ce ki nema.

Ma'aunin da Ezio Todini ya kawo a 2000 yana da amfani amma ki san abin da yake aunawa, rarar matsi ce, wato ƙarfin da ya rage a mahaɗun bututu bayan an biya buƙata, da tunanin cewa in wani layi ya mutu wannan rarar za ta tura ruwa ta wata hanya. Babu lokaci a cikinsa kwata-kwata, bai san awa nawa gyara zai ɗauka ba. Kuma tsarin da tun asali ba shi da rara, ruwan ma rabonsa ake yi, me za ki auna? Lambar za ta fito amma ba za ta ce komai ba.

A ɓangaren manhaja, EPANET 2.2 da ta fito a 2020 tana da zaɓin lissafi bisa matsi, wato gida yana samun ruwa gwargwadon matsin da ya iso masa, ki kunna shi wannan matsalar ta ƙasa da sifili za ta tafi. In kina ɗan taɓa Python, yaren rubuta manhaja, ki duba manhajar WNTR, hukumar kare muhalli ta Amurka da ɗakin binciken Sandia ne suka haɗa ta musamman don irin wannan, za ki iya ɗauke wa injin wuta na awa kaza, ki fasa bututu, ki sa lokacin gyara, ki ga mutum nawa suka rasa ruwa na tsawon wane lokaci. Amma ita ma ba ta san cikar bututu fanko ba, masu nazarin ruwan rabo wasunsu manhajar SWMM suke karkatarwa su yi da ita, duk da don magudanar ruwan sama aka ƙirƙire ta tun 1971, saboda ita ta iya lissafin bututun da bai cika ba.

Shawarata ki zaɓi bugu ɗaya tak. In ni ce zan ɗauki ɗaukewar wuta, don an fi yin sakaci da shi alhali tsarin ruwa rataye yake a wuyan lantarki. A Fabrairun 2021 da sanyi ya kayar da lantarkin jihar Texas ta Amurka, matatun ruwa da injina suka tsaya, bututu suka daskare suka fashe, matsi ya faɗi, sama da mutum miliyan 14 aka ce su tafasa ruwa kafin su sha, a ƙasar da ke da kuɗi da injiniyoyi. Ko ki duba Kobe ta Japan bayan girgizar ƙasar 1995, kusan wata uku kafin ruwa ya gama dawowa ko'ina, daga nan ne suka dage da bututu masu gaɓar da ke lanƙwasa ba ta zarewa. Bugu ɗaya, yanki ɗaya, ma'auni ɗaya ko biyu, wata 8 zai ishe ki.

Mai Nazarin Magudana:

Ni ɓangaren ambaliya nake, kuma ina ɗan ja da Dakta a kan dogaro da tarihin gazawa kaɗai, da girmamawa. Littafin gyara yana gaya miki abin da ya riga ya faru ne, juriya kuwa ai maganar abin da bai taɓa faruwa ba ce. Duk kwalbati da lambatun da muke zanawa a kan alƙaluman ruwan saman baya muke ɗora su, muna cewa wannan zai ɗauki ruwan shekara 10 wancan na shekara 100, kuma tun 2008 Milly da abokan aikinsa suka rubuta a mujallar Science cewa wannan zaton na gobe za ta yi kama da jiya ya mutu. Duk ƙarin digiri ɗaya na zafi iska tana iya riƙe ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100, kuma birni yana ƙara shimfiɗa siminti inda da ƙasa ke shanye ruwa. Mutane ma ba su gane ruwan shekara 100 ba, suna zaton in ya zo bana an huta, alhali ma'anarsa kashi 1 cikin 100 ne a kowace shekara, in kin tara shekara 30 ya kai kusan kashi 26.

Birnin Copenhagen na Denmark a 2 ga Yulin 2011 ruwa kusan milimita 150 ya sauka cikin kamar awa biyu, magudanarsu ta cika ta tumbatsa, abin da ya burge ni shi ne ba su ce za su ƙara girman bututu kawai ba, shirin da suka fitar a 2012 ya yarda cewa wata rana ruwa zai fi ƙarfin bututu, don haka a tsara tituna da filayen shaƙatawa su zama hanyarsa da masaukinsa. Rotterdam ta ƙasar Holan ma ta yi dandalin Benthemplein a 2013, ranar rani filin wasa ne ranar ruwa tafki. Sin ta ɗauki abin da girma da shirin birni mai kama da soso, daga 2015 suka fara da birane 16. Amma ga birnin Zhengzhou na Sin ɗin a 20 ga Yulin 2021, milimita 201.9 cikin awa ɗaya, babu soson da zai shanye wannan, ruwa ya shiga har jirgin ƙarƙashin ƙasa mutane suka rasu a ciki. Abin da nake so ki ɗauka 'yar uwa shi ne ki sa wa tsarinki bugun da ya wuce abin da ke cikin littafi, in mafi tsawon ɗaukewar wuta da aka rubuta awa 12 ce ki gwada 24 da 48 da 72 ki ga a ina yake karyewa gaba ɗaya. Kuma ki duba ina injinan suke zaune, da yawa a kwari ake gina su kusa da kogi, ambaliya ɗaya ta cinye allon wutarsu an gama.

Ummu Bincike:

Duk kun yi maganar bututu, ni tambayata ita ce juriyar wa? Matsakaicin lamba na birni gaba ɗaya yana ɓoye mutane. Cape Town ta Afirka ta Kudu ana yabonta ta tsallake ranar da za a rufe famfuna saboda fari a 2018, kuma ta cancanci yabo, an saukar da kowa zuwa lita 50 a rana daga 1 ga Fabrairu, an rage matsi a bututu, amfanin birnin ya faɗi daga kusan lita biliyan 1.2 a rana a 2015 zuwa ƙasa da rabin haka. Amma binciken Savelli da abokanta na 2023 ya nuna masu hali da ba su kai kashi 14 cikin 100 na mutanen birnin ba su ne ke shan sama da rabin ruwan, kuma da fari ya tsananta su suka haƙa rijiyoyin burtsatse suka sayi tankuna, talakan da tun da can a famfon unguwa yake layi ba shi da wannan mafita. Kuma irin wannan yawan zuƙar ruwan ƙarƙashin ƙasa ita ce ke nutsar da arewacin Jakarta da birnin Meziko, ƙasa tana zaftarewa tana karya bututun da suka rage.

Birnin Flint na Amurka ma a 2014 ruwa bai taɓa yankewa ba fa, da ma'aunin matsi za a auna da an ce tsarin lafiya lau, alhali an koma ɗiban ruwan kogi ba a sa sinadarin hana cin bututu ba, dalma ta riƙa narkewa tana shiga jinin yara. Mazauna sun yi ta kai ruwa mai launi a gora ana cewa ba komai, sai da Marc Edwards na jami'ar Virginia Tech da likitar yara Mona Hanna-Attisha suka fito da alƙaluma a 2015. Don Allah ko gida 60 ne ki shiga ki tambaya, tankinku kwana nawa yake kai ku, in ya ƙare ina kuke zuwa, wa ke ɗebowa.

Ɗalibar Mastas:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, wallahi na karanta sau uku ina rubutawa a littafi. Ga yadda na gyara: zan ɗauki yanki ɗaya da tanki ɗaya da tashar injin guda ke ba shi ruwa, bugun kuma ɗaukewar wuta daga awa 6 har 72 kamar yadda ɗan uwa Mai Magudana ya ce, ma'aunin kuma yawan mutane sau awannin da suka yi ba ruwa, amma ba zan ƙirga daga lokacin da famfo ya ƙafe ba sai daga lokacin da ajiyar gidan ta ƙare, don haka dole in shiga gidaje kamar yadda Ummu ta ce, in raba sakamakon tsakanin masu babban tanki da masu bokiti. Dakta na kunna lissafin bisa matsi ɗazun nan kuma matsin nan na ƙasa da sifili duk ya ɓace.

Baba Injiniya saura abu ɗaya, ba ni da kuɗin sayen na'urorin auna matsi da yawa, sashenmu guda uku kawai gare shi kuma aro za a ba ni na sati biyu. A ina zan sa su? Kuma yaya zan yi ma'aikatan hukumar su yarda su nuna min littafin gyaran, don na ji an ce ba sa son bayarwa.

Tsohon Injiniya:

Uku sun isa 'yata in kin sa su inda ya dace. Ɗaya a bakin fitar tanki, ɗaya a tsakiyar yankin a kan babban layi, ta ukun kuma a gidan da ya fi kowanne wahala, mafi tudu ko mafi nisa, in kin tambayi masu buɗe bawul za su kai ki ƙofarsa ba tare da sun duba takarda ba. Ki saita su suna ɗauka duk minti 5 ba duk awa ba, saboda cikar bututu da zubewarsa da sauri suke faruwa, ki daidaita agogonsu duka da na wayarki kafin ki ɗaura, kuma ki auna tsayin kowane wuri da kyau don kuskuren mita biyu a tsayi kuskuren mita biyu ne a matsi. Ki ɗaura a famfon da ke kafin tankin gida ba bayansa ba, in ba haka ba tankin mai gidan za ki yi ta aunawa sati biyu. Ki samu akwati mai kwaɗo ki rufe. Sati na biyu in kin ga ta tsakiyar ba ta gaya miki sabon abu, ki cire ta ki kai wani ƙarshen layin.

Maganar littafi kuma, tsoro suke ji kar a yi amfani da shi a ci mutuncinsu, kuma sun sha ganin ɗalibai sun kwashi bayanai sun tafi ko kwafi ɗaya ba a dawo musu da shi ba. Ki kai takardar jami'a ofis don ƙa'ida, amma ki je wurin masu gyaran da kanki da sassafe kafin su fita, ki roƙa ki bi motarsu kwana biyu ko uku ki riƙe musu fitila ki ga aikin. Ki faɗa musu ba sunan kowa zai fito ba, kuma ki yi alƙawarin duk bawul ɗin da kuka gano tare za ki ɗauki wurinsa da GPS ki rubuta juyi nawa yake yi kafin ya rufu da ko yana aiki, ki buga musu a babbar takarda su manna a bango. Da kin dawo daga fitar farko ki turo mana abin da na'urar gidan kan tudun ta nuna, ina so in ga ƙarfe nawa ruwan ke isa can bayan an buɗe tanki.